Ƙafar Mai Yankan Farce

Wata rana, a wata tashar manyan motoci, wata bazawara mai sayar da ɗanwake ta ga abin da maza ɗari ba su gani ba.

Sunanta Hansai. Shekara tara ta yi a gidan miji, ya sake ta. Laifinta? Wai idonta ya yi yawa, komai sai ta lura.

To, akwai wani baƙo, Tanimu, mai yawon yankan farce. Kullum yana kaɗa almakashi, ƙas-ƙas-ƙas, ya ƙare a bencinta. Yankan ma bai iya ba, bawan Allah. Wani direba har jini ya fitar masa.

Amma in ya ci ɗanwake sai ya wanke kwanonsa da kansa. Wannan ya shiga ran Hansai, ba ta dai faɗa wa kowa ba.

Ran nan da azahar ya cire takalmi yana alwala.

Ta dubi ƙafar.

Sumul. Ba faso, ba kanta. Ga shatin safa a ƙwauri, irin na mai wuni cikin takalmin aiki.

Nan take ta gane wannan ba yankan farce ya kawo shi ba, bincike ya zo yi a ɓoye. Kowa a tashar ya san ana ɓoye ƙwaya cikin buhunan albasa, kowa kuma ya yi gum, don tsoron Ilu Dogo, shugaban masu lodi. Wanda ya taɓa yin magana, har yau da sanda yake tafiya.

Sai ga Ilu ya nufo su, idonsa a kan baƙon.

Hansai ba ta yi shawara da kowa ba. Ta kwashi toka a murhu, ta watsa a jiƙaƙƙiyar ƙafar nan, ta hau faɗa wai ya tare mata hanya.

Ilu ya tsaya a kansu.

“Ke Hansai, wannan da ba ciniki ba komai, me yake tsinta a nan kullum?”

“Ni yake tsinta. Bazawarina ne. Ko kai ma layi za ka bi?”

Tasha ta kwashe da dariya. Ilu ya yi tsaki ya wuce.

Tana juya tukunya, ba ta ko kalli Tanimu ba, ta ce ƙasa-ƙasa: “Mai yawo a rana ba ya da ƙafar amarya. Daga yau ka yi alwalarka a bayan rumfata.”

'Yan'uwana, kada ku ɗauka abin ya zo mata da sauƙi. Mako uku ana yi da ita. Wai ta rasa miji ta faɗa wa mai almakashi. Tsohon mijin har aike ya yi mata da habaici.

Kalma ɗaya za ta wanke ta. Kalmar nan kuma za ta sa a kashe shi.

Ta haɗiye.

Ranar wata Laraba da hantsi jami'ai suka zagaye tashar. Aka farke buhuna, aka sa wa Ilu ankwa. Wanda ya sa masa? Mai yankan farce.

Bayan sati biyu ya je gidan yayanta, cikin kaki, da kawunsa da goro. Aka ce ita ba yarinya ba ce, a ji ta bakinta.

Ta ce: “Ai ya makara, ni na riga shi sanar da tasha. Sharaɗina biyu: ba zan bar ɗanwakena ba, kuma kada ya kuskura ya taɓa min farce.”

An ɗaura. Na ci tuwon bikin.

Darasi: Halin da wani ya kore ki a kansa, shi ne zai tsare ran wani. Saki ba ya rage wa mace hankali ko daraja, ƙanwata. Ɗaga kanki.

Ku tura wa wata bazawara da ake yi wa kallon banza, ta san akwai masu alfahari da ita.