Koren Allo a Kasuwar Sabon Gari

Da muna samari a Samaru, in aka ga mutum riƙe da kayan cikin rediyo, gyara masa wuri ake yi a benci, a ce injiniya ya zo. Na zauna a Indiya da Sin da Jamus, haka na tarar ko'ina. A garinmu Zariya kuwa, tun shekarun tashin bama-bamai, wayar lantarki ta leƙo daga jaka ma abin gudu ce.

Ɗan ƙanena babban injiniya ne a ƙasar waje. Aikinsa tsara ƙwayoyin kwamfuta waɗanda ake sake musu tsarin ciki da rubutu kawai, don na'urori masu ƙirƙirarriyar basira. Ya zo hutun Kirsimeti da wani koren allon gwaji na lantarki da zai nuna wa ɗalibai. Haɗi ɗaya ya ɓalle a jikin allon, na raka shi kasuwar Sabon Gari a liƙa masa da dalma.

A sana'arsu ba a barin wurin gyara sai an gwada. Da aka gama liƙawa, nan bakin rumfar mai gyaran ya jona batir. Jajayen fitilu suka kama ƙiftawa, lambobi suna sauka.

"Malam, me abin nan yake ƙirgawa?" in ji wani mai sayar da caja.

Ɗan ƙanena ya yi dariya. "Bari ya kai sifiri ka gani."

Wani ya ƙwala ihu, "Bam ne!" Masu gudu suka gudu, sauran suka yo kanmu da katako da bulo. Ba wanda ya tambayi komai. Da aka kai shi ƙasa, maimakon ya kare kansa, sai ya kifa hannun dama a kan allon. A kan hannun bulo ya sauka, na ji ƙarar ƙashi. Na roƙe su da Hausa, da Turanci, da broka. Wani ya naushe ni a baki ya ce, "Tsoho, matsa ko a haɗa da kai." Ina tofar da jini na ga ana mirgino taya.

Wasu sojojin barikin Basawa da suka zo cefane ne suka ratsa taron da bel suka fizge shi.

A asibiti ya ce min, "Baba, ai sai su bari in cire batirin."

Ya rayu, ya koma bakin aikinsa, amma yatsu uku sun sandare. Yanzu tsarawa kawai yake yi, wasu ke riƙe masa allo. Tun daga ranar bai sake taka Zariya ba.