Oga Augustine da Katangar Naira Arba'in

Ƙarfe bakwai da rabi na safe Oga Augustine yake ɗaga ƙofar shagonsa na fotokwafi a Sabon Gari. Shekara ashirin da shida ke nan yana haka. Zai share gaban shagon, ya jawo janareto waje ya ɗaure shi da sarƙa, ya goge gilashin inji da tsumma. Idan ya gama sai ya zauna gaban tsohuwar kwamfutarsa, ya ɗauko farar takarda da rula da biro biyu, shuɗi da ja.

Ban taɓa rubuta abin da jama'a za su karanta ba, don haka a yi mini uzuri idan na yi tuntuɓe. Abin da na gani da idona da abin da mahaifina ya faɗa mini, su kaɗai zan kawo.

Malamin lissafi ne kafin ya buɗe shago, shi ya sa manya suke ce masa Ticha. Da harkar kirifto ta shigo gari, wato kuɗin nan da ake saye da sayarwa ta waya, 'yan kasuwa suka riƙa kawo masa jadawalin farashi ya buga musu a babbar takarda, don rubutun waya ya yi wa idonsu ƙanƙanta. A haka ya koyi karanta abin. Shi bai taɓa sayen ko na sisi ba. Kullum da safe zai jera farashi a gefen takarda daga sama zuwa ƙasa. A gaban kowane farashi sai ya ja layi biyu: shuɗi gwargwadon yawan abin da masu zumuɗin saye suka saya a nan, ja gwargwadon abin da masu neman rabuwa da kaya suka sayar. Ya manna a bango. Mai so ya duba, kyauta.

Ni kuwa takardun makaranta nake kai masa, tun ina aji ɗaya a sakandare.

Mahaifina, Alhaji Abdulƙahhar, shago ɗaya gare shi a Kantin Kwari, na atamfa da shadda. Gado ne daga kakanmu. Shi ne cinmu, shi ne karatunmu. Shekara biyu da suka wuce, bayan Babbar Sallah, kasuwa ta kwanta sosai, sai maƙwabcinsa kuma amininsa Alhaji Waliu ya nuna masa wani sabon kirifto da ake ta rububinsa. Abin da ya ja hankalin Abba shi ne jerin masu jiran saye. A kan naira arba'in an jibge oda mai yawan gaske, 'yan harkar suna kiranta katanga. Suka ce farashi ba zai taɓa faɗowa ƙasa da nan ba, tunda ga taron masu kuɗi a tsaye suna jiransa. Ɗan Kwari kuwa da taro yake gane kasuwa.

Abba ya yanke shawarar sayar da shagon ya zuba kuɗin a ciki. An sami mai saye, an sa ranar Alhamis. Umma ta yi magana har ta gaji ta koma addu'a.

Ranar Laraba bayan azahar na bi shi Sabon Gari, shi da Alhaji Waliu, zai yi kwafin takardun shagon. Oga Augustine ya ɗora ta farko a kan gilashi, sai ya tsaya.

“Alhaji, wannan ai takardar shago ce. Lafiya dai?”

“Lafiya lau, Ticha. Sana'a za mu canja. Na gaji da ɗaga dilar atamfa.”

Alhaji Waliu ya miƙa wa Oga Augustine waya yana dariya. “Duba ka gani, mai biro. Wannan katangar ko tirela ba ta rushe ta.”

Oga Augustine ya daɗe yana kallo. Ya dubi takardarsa ta bango, ya sake duban wayar.

“Alhaji, ba zan ce ka saya ba, ba zan ce kar ka saya ba. Dukiyarka ce. Alfarma ɗaya nake roƙo, ka zauna a nan zuwa la'asar mu kalli katangar tare.”

“Mu zauna muna kallon bango kamar marasa aikin yi?” in ji Alhaji Waliu.

“Yau ana ciniki ne a Kwari, da za ku ce na hana ku?” in ji Oga Augustine.

Abba ya yi murmushi, ya zauna a kan benci. Oga Augustine ya juyo musu da fuskar kwamfutar. Farashi yana arba'in da huɗu. Muna zaune, janareto na ta ƙara, mata biyu suka zo suka yi kwafin katin biki suka tafi. Farashi ya sauko arba'in da biyu, ya sauko arba'in da ɗaya. Wallahi ina kallo, kafin ya taɓa arba'in sai katangar ta ɓace. Can sai ga ta ta fito a talatin da takwas.

“Sabis ne ya yi rawa,” in ji Alhaji Waliu.

Farashi ya sake hawa, katangar ta dawo arba'in ta zauna kamar ba ta taɓa motsawa ba. Kafin la'asar sau biyu tana yin haka.

Sai ya ciro takardarsa daga bango ya shimfiɗa a cinyar Abba.

“Na cikin wayar nan, cewa suka yi za su saya. Faɗa ce kawai, ana iya janyewa. Na takardar nan kuwa sun riga sun biya. To nuna mini shuɗi a arba'in.”

Layin bai fi ƙwayar shinkafa ba. Amma a arba'in da biyar da arba'in da shida, jan layi ya kusa fita daga takardar.

“Wani yana sauke kayansa a nan sama, a hankali. Taron da yake nuna muku a ƙasa, don hankalinku ya kwanta ne. Kuma dubi daga talatin da takwas zuwa goma sha biyu, ba a yi wani ciniki ba. Ranar da ya zame, babu inda zai dafa.”

Abba ya ƙura wa takardar ido. Oga Augustine ya rage murya.

“Alhaji, a Kwari idan kaya suka kwanta wa mutum, ba a taɓa tara mutane su cika ƙofar shago suna tayawa ba, don mai wucewa ya ɗauka ana wawa?”

Alhaji Waliu ya tuntsire da dariya. “Ka tambayi gwani. Shekarar da leshi ya maƙale masa, 'yan uwan Hajiyarsa ya kwaso, har da mai goyo.”

“Da mai saye na gaskiya ya biya, ina suka yi?” in ji Oga Augustine.

“Gida suka tafi,” in ji Abba, idonsa a ƙasa.

Ya karɓi takardun shagon ya naɗe ya sa a aljihu. Ranar Alhamis bai je wurin mai sayen ba. Alhaji Waliu kuwa ya ce tsoro ba ya kawo arziki, ya sayar da nasa shagon da kayan ciki.

Da a nan labarin ya ƙare, da na ji daɗin rubuta shi.

Kwana goma sha tara farashin nan yana hawa. Ya wuce hamsin, ya wuce sittin. Kullum sai Alhaji Waliu ya leƙo ya nuna wa Abba waya, ba da mugunta ba, murna ce. Abba ya daina cin abinci sosai. Gidanmu ya koma kamar gidan makoki, ko buta aka ajiye da ƙarfi sai an yi faɗa. A kwana na goma sha biyar Abba ya je shagon Oga Augustine, a gaban mutane ya ce mutumin da bai taɓa riƙe abin kirki ba ne ya tare masa arziki, malamin da ya ƙare a jan janareto. Abba da kansa ya maimaita mini kalmomin daga baya, yana share fuska.

Oga Augustine ya bari ya gama, ya ce, “Na ce maka katangar ƙarya ce, Alhaji. Ban ce na san ranar ba.”

Ya miƙa masa takardar da ya zana a safiyar. Jan layin ya ƙara tsawo, ya bi farashin sama. Abba ya dunƙule ta a hannu ya fita. Amma bai jefar ba, kuma bai kira mai sayen ba, duk da mutumin yana nan yana jira.

Wata Litinin da hantsi abin ya zame. Kafin azahar yana naira tara. Lokacin da farashin ya ratsa ta arba'in, babu katanga, babu kowa a wurin.

Yanzu Alhaji Waliu yadi yake saɓawa a kafaɗa yana talla a bakin layin da ya yi shekara ashirin yana da shago. Mutane da yawa a Fagge da Kwaciri haka ta same su, wasu ma sun fi shi. Na ɗauka bayan wannan za a yi layi a ƙofar Oga Augustine ana ba shi haƙuri. Ba haka aka yi ba. Wasu suka ce bakinsa ne ya kama, tunda ya yi ta jan biro ja har abin ya faɗi. Wasu suka ce ai ba zai sani ba sai in da shi aka haɗa baki. An wayi gari an rubuta masa mai baƙin baki da gawayi a ƙofa. Ya ɗebo ruwa ya wanke, ya buɗe shago, ya manna takardar ranar. 'Yan kasuwa suka ɗauke ƙafa, har masu kwafin rasit suka koma wani layi.

Oga Augustine, kai ne ka ga takardar da ba taka ba a kan gilashi, da ka danna inji ka karɓi kuɗinka babu mai zarginka, amma ka tsaya. Kai ne aka zaga a ƙofar shagonka, ka mayar da martani da takarda. Ba ka taɓa ce wa kowa ka san gobe ba. Abin da aka riga aka yi kake nunawa, ka bar mutum da hankalinsa.

Sai da Abba ya yi wata huɗu kafin ya iya komawa. Ya kai turmin atamfa wai na matar Oga Augustine, ya zauna yana ta gaisuwa, maganar ta ƙi fita. Oga Augustine ya katse shi.

“Alhaji, ka je wurin Waliu kuwa? Ya fi ni buƙatar ziyara. Ni abin da ke damuna, ku biyu kuka zauna a nan, ɗaya kawai na iya fahimtarwa. Da ina aji ne, ai na faɗi jarrabawa.”

Bana idonsa ya yi rauni. Likita ya hana shi kallon kwamfuta, layukan ma yanzu sai ya kusa manna fuska a takarda yake iya ja. Ciniki kuma bai dawo ba. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Da na je makon jiya sai da na yi magana ya gane ni, ya ce, “'Yata, yaya karatu? Yaya kasuwar Alhaji?”

Na ce da godiya. Na kasa ƙara komai, shi ya sa na zo na rubuta.

Duk wanda Allah ya ba ilimin gane abu, ya ga ɗan uwansa zai yi cinikin biri a sama, ya daure ya faɗa masa, ko da za a zage shi kwana goma sha tara, ko da ba za a gode masa ba bayan nan. Ku kuma da kuka taɓa tsayawa gaban bangon nan kuka duba kuka fasa, na san kuna nan, kun san kanku. Ku je ku gaishe shi kafin wata ya ƙare, ku faɗi sunanku da ƙarfi don ya gane ku.

Mun gode, Ticha, ni da Umma da ƙannena. Allah ya saka maka da alheri, ya bar maka ganin da ya rage. Ranar ɗaya ga wata Abba zai buɗe shagonsa a Kwari kamar kullum, naka kuwa yana rufe.