Malam Sada, Mai Jiran Na Ƙarshe

Ina tsaye a bakin filin kwalejin da nake aiki a kan tsaunukan Filato, usur a wuyana, yara suna zagayen ɗumama jiki, sai wayata ta yi ƙara. Jamila ce, babbar 'yar Malam Sada. Tun da nake ba ta taɓa kirana ba, don haka tun kafin ta yi magana na san ba lafiya ba. Ta ce, "Yaya Lawal, sai haƙuri. Baba ya cika bayan sallar asuba." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na maimaita, sannan na nemi dutse na zauna. Na duba filin nan kaf, babu wanda zan gaya wa. Ba wanda ya san Malam Sada a wurin, in ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakina ba.

Na kama hanya nan take, amma ko Zariya ban kai ba aka kai shi makwancinsa. Da na isa Ƙofar Kaura a Katsina rana ta yi sanyi, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta da abokan aikinsa da mutanen masallacinsu suna karɓar gaisuwa. Na tambayi ƙanensa ko cikin manyan yaran da Malam ya koya wa gudu akwai wanda ya samu salla. Ya girgiza kai. Ya ce duk sun bugo waya, amma kowa yana nesa. Wannan magana ta ci mini rai, don Malam da hannunsa ya kai kowannenmu nesan.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Sada malamin motsa jiki ne a sakandaren da na yi, kuma ko da ya yi ritaya bai daina fitowa ba. Gajere ne, mai ƙarancin magana, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu. Gudun dogon zango yake koyarwa, a garin da in ba ƙwallo kake bugawa ba babu mai kallonka. Muna idar da asuba za mu tashi daga Ƙofar Kaura mu bi ta Kambarawa mu miƙe bayan gari, masu shayi suna yi mana tsiya: "Ku kuwa wa ya biyo ku?" Shi kuma yana kan tsohon kekensa, can baya, daidai kafaɗar wanda ya fi kowa nauyin ƙafa.

Ni ne nake gaba a lokacin, kuma abin yana ba ni haushi ƙwarai. Sai in zo in gama, in tsaya ina haki, babu mai ce mini sannu, malamina yana can yana lallaɓa wani da ko a mafarki ba zai ci gasa ba. Ranar da na gaji na yi masa ƙorafi, ko kallona bai yi ba, yana gyara sarƙar keke ya ce, "Na gaba ba ya buƙatata, Lawal. Kowa shi yake kallo." Daga ranar ya rataya mini agogon auna gudu a wuya, ya ce in riƙa duba lokacina da kaina.

Sau ɗaya tak ya gaya mini asalin ɗingishinsa. Shi ma ya yi gudu, har wata makaranta ta ɗauke shi saboda ƙafafunsa. Da gwiwarsa ta lalace, kafin ya ajiye sanda an ba wani gadonsa a ɗakin kwanan 'yan wasa, kocin da ke kiransa ɗana ya koma amsa gaisuwarsa da kai. Bai faɗi sunan makarantar ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ce, "Kowace makaranta tana son mai gudu. Abin da za ka bincika shi ne yadda take yi da wanda ya daina."

Da na shiga ajin ƙarshe na fara ciyo gasa a wajen jiha, sai masu nema suka taso. Wannan koci ya aiko da takalma, wancan ya yi alkawarin gurbin karatu kyauta, wani ya turo hotunan filinsu mai jar roba. Kaina ya ɗaure. Mahaifina, wanda sayar da yadi ya sani ba gudu ba, ya taka har gidan Malam ya ce, "Malam, kai ka san harkar nan. Ka zaɓa mashi kawai mu huta." Malam ya ce, "Alhaji, ba ni zan kwana can ba. In na zaɓa mashi, ranar da abu ya yi tsanani ni zai tuna, ba zai tuna dalilinshi ba."

Abin da yake yi maimakon haka, wanda ban taɓa ganin wani ya yi ba, shi ne ya ɗauki yaro su shiga mota su je kowace makarantar da ke nemansa. Ba ranar gasa ba, ba kuma ranar da aka gayyace su ba. Ranar banza yake zaɓa, ba sanarwa, su isa bakin fili da sassafe su samu wuri daga nesa su zauna kamar masu jiran wani. Ƙa'idarsa ita ce ba zai ce uffan ba sai an koma cikin mota, a nan ma tambaya ɗaya ce: "Mi ka gani?" A makarantar farko na ba shi labarin filin roba da ɗakin ɗaga ƙarfe. Ya ce, "Ban tambaye ka abin da suka saya ba." Sai a hankali na gane inda idonsa yake zuwa. Yana duba ko koci yana nan lokacin da na ƙarshe ya shigo, da inda masu bandeji a ƙafa suke zama, da kuma ko yara suna wucewa aji bayan atisaye ko komawa barci suke yi.

Haka na zaɓi Filato. Ranar da muka zo ana yayyafi, ga sanyin da ban taɓa ji ba, amma tsohon kocin wurin, Baba Gyang, yana tsaye cikin ruwa har wata siririyar yarinya ta shigo ita kaɗai, ya taka da ita zuwa inuwa suna magana. A mota na ce wa Malam nan nake so. Ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan. Aminu, wanda ya biyo bayana, daga Amurka aka nemo shi, inda motar haya ba ta zuwa. Malam ya sa shi ya roƙi lambar wayar ɗalibin da ya taɓa jin ciwo a hannunsu, kuma sai da suka yi magana da yaron sannan Aminu ya amsa.

Duk ranar da ɗayanmu zai tafi, Malam zai raka shi tasha, ya sa masa jaka a but ɗin mota, ya yi masa addu'a, ya juya tun mota ba ta cika ba. Muna ɗauka taurin rai ne. Sai a zaman makokin nan Hajiya, mai ɗakinsa, ta gaya mini cewa a irin ranar ba ya cin abinci, zaure yake shiga ya zauna shi kaɗai har magariba. Ta ce ta sha ce masa ya bar ko guda ɗaya a kusa, ga makarantu nan a gida. Sai ya ce mata, "Ba don su zauna da ni na koya masu ba."

A rana ta uku Hajiya ta sa aka kira ni cikin gida. Ta ce, "Lawal, abu guda ya bari bai gama ba, kuma har a gadon asibiti yana maganarshi." Mannir take nufi, ɗalibinsa na ƙarshe, wanda ya gama jarrabawar fita sakandare kwanan nan, yaron da ke gudun da ni ban taɓa yin irinsa ba. Makarantu biyu ne suka rage a gabansa: wata jami'a a jihar Kaduna, da kwalejin da nake aiki a matsayin mataimakin koci. Malam ya yi masa alkawarin tafiyar, ciwo ya riga su.

Zan faɗi gaskiya, ina son yaron nan ya zo wurinmu, so mai tsanani. Tun da Baba Gyang ya yi ritaya ya koma ƙauyensu ba ni da kowa a garin nan. Ni kaɗai nake dafawa, ni kaɗai nake buɗa baki da azumi, in na yi magana irin ta gida sai a yi dariya a ce in sake faɗa. Ga Malam ya tafi. In Mannir ya zo, zan samu wanda in na ce "ka tuna yadda yake gyara sarƙar keke" zai gane ba sai na yi bayani ba. Sabon kocinmu ma ya ce kada in dawo ba tare da shi ba. Shi kansa yaron ya sauƙaƙa mini, don a ƙofar gidan makokin ya tare ni, idonsa jawur, ya ce, "Yaya, ai kana can. Ka ce in zo kawai, in zo." Kalma ɗaya ta rage mini. Na daɗe ina kallon zauren Malam, sannan na ce masa ya shirya jakarsa, za mu je mu gani.

Jami'ar muka fara zuwa. Filinsu na jar ƙasa ne, ba wani abin a zo a gani, kocinsu wani mai tumbi ne da ba ka ce ya taɓa gudu ba. Amma wani yaro mai ɗaurarren idon sawu yana zaune kusa da shi, shi ke riƙe da agogo yana kiran lokaci. Da na ƙarshe ya shigo, mai tumbin nan yana nan, har ya yi masa wata tsiya suka yi dariya, sannan ya kora su duka su yi wanka su tafi aji. Na yi shiru kamar yadda aka koya mini.

Sai namu. Ban gaya wa kowa na dawo gari ba. Muka hau duwatsun da ke bayan fili muka zauna, Mannir yana rawar sanyi cikin rigata. Kocinmu gwani ne, ba zan rage masa ba, ya fitar da zakaru kuma zai ƙara fitarwa. Da na gaba suka shigo ya duba lokacinsu, ya yi musu gyara mai kyau, ya shiga motarsa ya tafi. Sauran suka watse. Can sai ga na ƙarshe, wani ɗan shekarar farko da na sani sarai, don kullum ni nake jiransa. Ya shigo fili ba kowa. Ya juya ya dubi gindin bishiyar da nake tsayawa, ya dafa gwiwoyinsa ya huta, ya ɗauki silifas ɗinsa ya tafi. Wallahi harshena har ƙaiƙayi yake yi in ce, "Ba haka ake yi kullum ba, yau don ba na nan ne." Na danne.

Da muka shiga motar komawa Katsina na ce, "Mi ka gani?"

Ya ce, "Na ga yaron nan ya duba gindin bishiya kamar yana neman wani. Kai yake nema, ko?"

Na ce ni ne.

Sannan ya ce, "To ranar da aka yi maka canjin wurin aiki fa, Yaya? Ko ranar da ba ka da lafiya?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi haƙuri, Yaya. Jami'ar can ta Kaduna nake so."

Na ce, "To." Na juya fuskata wajen taga don kada ya ga idona. Har yau ban san ko Malam nake wa kukan ba ko kaina.

Na kai shi gida, na shiga na gaya wa Hajiya an gama. Ta ɗaga hannu ta yi hamdala, ta sa mini albarka, ta cika mini leda da ƙuli-ƙuli kamar yadda take yi tun muna yara. Na dawo Filato ni kaɗai. Kocinmu bai ji daɗi ba, ya kuma gaya mini hakan a gaban mutane. A ɗakin nan nake rubuta wannan, ba mai taya ni cewa amin, shi ya sa nake roƙon duk wanda ya karanta ya taya ni.

Allah Ya jiƙan Malam Sada, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah Ya ba Hajiya da Jamila da ƙannenta haƙurin wannan rashi, Ya rufa musu asiri, Ya tsaya musu a inda shi yake tsayawa. Allah Ya tsare ƙafafun Mannir, Ya sa zaɓinsa ya zama alheri gare shi. Mu da muke warwatse a garuruwan mutane, ba mu samu ɗaukar makararsa ba, Allah Ya karɓi addu'armu daga inda muke. Ya Allah, bawanka ya sha zama shi kaɗai saboda mu. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, kada Ka bar shi da kaɗaici a cikinsa. Amin.