Minti Huɗu a Shagon Baba Ishmael

Duk unguwar Moduganari an san Baba Ishmael da abu biyu: hannu mai kyau da baki mai zafi. Daga wajajen Biu ya zo Maiduguri yana saurayi, ya fara da gyaran rediyo a Mafoni, ya koma talabijin, har zamani ya tura shi kan kwamfuta. Shagonsa ba allo, ba fenti. Mutane sai sun gama yawo wajen masu shagon gilashi an lalata musu kaya, sannan su tuna da tsoho. Shi ya sa kafin ka gama sallama zai jefo maka tambaya: "Hannu nawa suka taɓa shi kafin nawa?"

Ni Kaltum, bayan hannu biyu na kai masa nawa, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Wata Talata da rana aka kawo wuta da ƙarfin hauka, kwamfutata tana jone. Ta yi ƙara, ta yi wari, ta mutu. Ba kwamfutar ce ta dame ni ba, ma'ajiyar cikinta ce, wadda ake kira SSD, 'yar aba kamar yatsa biyu. A cikinta muryar Innarmu take. Shekara talatin Inna tana sayar da bandar kifi a kasuwar Baga Road, kuma a watanninta na ƙarshe na riƙa zaunar da ita tana ba ni labarin garinsu na bakin tafki, da sunayen dangi, da waƙoƙin daka, ina ɗaukar muryarta a waya. Na kwashe daga waya na zuba a kwamfuta, na goge na wayar, wai ni mai dabara.

Yayana Abdulnasir ya karɓi abar ya kai wa abokinsa mai gyaran waya. Wannan gwani ya hura mata iska mai zafi, ya ɗaure fis ɗin da ya ƙone da silin waya, ya sake ba ta wuta. Wani kuma ya wanke ta da fetur. Sai da suka gaji muka nufi Baba Ishmael.

Ya ɗora gilashinsa mai ɗaurin roba a ido, ya duba, ya ɗago.

"Wannan gyara ne ko yanka? Fis mai gadi ne. Ya mutu don ya tsare gida, ku kuka buɗe wa ɓarawo ƙofa."

Yaya ya fara cewa ai yaron ƙwararre ne. Baba ya nuna masa benci, ya ce ya zauna.

Kwana uku yana bin layukan wutar cikinta da mita. Ya cire ƙananan abubuwan da suka gasu, ya ciro irinsu daga wata matacciyar ma'ajiya ya dasa da dalma. Rana ta huɗu ya kira mu, ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce ƙwaƙwalwar da ke riƙe da bayanai tana nan, amma guntun da ke karanta ta ya sha zafi. In ya ba ta wuta za ta farka, wataƙila minti biyar, wataƙila biyu, kuma ba lallai ta sake tashi ba.

"'Yata, me zan fara ɗaukowa?"

Kafin in buɗe baki Yaya ya ce, "Takardun fili da hotunan biki."

"Mai kaya na tambaya," in ji Baba, idonsa a kaina.

Ga amsa a bakina. Amma a gidanmu ƙanwa ba ta gyara maganar wa a gaban baƙo. Haka Innar da kanta ta rene mu. Na sunkuyar da kai na ce, "Yadda Yaya ya ce." Takardun nan kuwa suna cikin akwatin ƙarfe a gida, hotunan kuma suna wayar kowace ƙawar amarya.

Baba ya yi tsaki mai tsawo. Ya ba ta wuta. Ta farka. Muna kallo hotunan biki suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, mata da gwaggwaro, maza da babbar riga, kowa yana yashe baki. Da suka ƙare, bai tambayi kowa ba, ya ja jakar sautin da na sa wa suna "Inna". Ɗan layin kwafi ya motsa kaɗan, ya tsaya cak. Minti huɗu cif. Ya sake gwadawa har la'asar, ba ta kuma motsi ba.

Yaya ya ce, "Alhamdu lillahi, ai an samu muhimman." Ban taɓa jin na tsani wata magana kamar wannan ba.

Da Yaya ya fita neman keke napep, Baba ya miƙo mini abin sawa a kunne.

"Na tambaye ki sau biyu," ya ce. "Kunya tana da wurinta, ba a nan ba. Ga abin da ya tsira."

Daƙiƙa goma sha ɗaya ne. Inna ta yi tari, ta gyara zama, tabarma ta yi ƙara. Sai ta ce, "Kaltum, abin nan ya fara ɗauka? To matso kusa, ki ji da kyau."

Nan ya yanke.