Kunnen Akuyar Inna

Sai da furfura ta fara fito mini na soma riƙe alli, a ajin yaƙi da jahilci na garinmu, kusa da Gazawa. Baƙaƙe suna ba ni wahala, amma in zane ne, ba na jin tsoron kowa.

A damina ta biyu da shigata ajin, jar akuyar inna ta mutu. A bakin ɗakinta take kwana, a tafin hannunta take cin dusa, ba a taɓa zancen sayar da ita ba. Inna ta rage cin tuwo, ta daina fitowa tsakar gida.

Malaminmu, da muke ce wa mushe, ya dawo daga Maradi da alli mai launi-launi da wata takarda mai laushi kamar karammiski. Falle ɗaya na takardar ya ba ni. Ya gargaɗe ni cewa ita ba allo ba ce, abin da ta sha ba ya goguwa.

Kwana tara na yi ina zana akuyar inna a kanta, kullum bayan la'asar in na taso daga gona. Na fara da ja mai duhu, na bi da mai haske a gadon baya, hannuna a sama kada ya shafi takardar.

Da na kai aji mushe ya yaba, amma ya ce kunnen hagu ya ɓaci, giɓi biyu ne a jiki, in cike su. Wani abokin karatuna ya ce ɓera ne ya ci. Na yi dariya, ban cike ba. A garinmu kowane gida da tsagarsa a kunnen dabba. Tamu biyu ce a hagu, kuma baba ne ya tsaga wa wannan da askarsa, shekarar da ya rasu.

Tsorona kada inna ta duba ta ga akuyar kowa, don idonta ya yi rauni. Da hantsi na kai mata bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a kan kunnen.

"Hannun babanku ne wannan," in ji ta. "Kai ka yi?"

"Ni na yi, inna."

Ta ce a fito mata da tabarma waje, a dama mata fura.

Shatin yatsarta yana nan a kunnen har yau. Ban gyara ba.