Kwalbatin da ta raba Tomas da ƙuri'ar yayarsa

Shekara tara ke nan da rasuwar abokina Tomas. Na zauna in rubuta wani abu a kansa, na lalubi baƙin ciki a raina ban samu ba. Wurin ya yi kanta.

Kakanninsa mutanen Saliyo ne, aikin kuza ya kawo su Jos. Turanci suke yi a gida, da shi suke addu'a, da shi suke faɗa. Gidajensu na jere a layi ɗaya bayan Titin Bauchi, mu kuwa muna ce musu 'yan Saro. Hausar Tomas ba ta san mace ba, kowa "shi" ne, har matata. Tsokanarsa nake yi tun muna samari, bai taɓa gyarawa ba.

Da aka zo shata mazaɓu, sai aka bi kwalbatin da ke tsakiyar layinsu. Rabi suka faɗa wannan mazaɓa, rabi waccan. A kowane ɓangare sun zama 'yan tsiraru, ba ɗan takarar da zai ɓata takalminsa ya shigo. Ruwa ya cinye hanyar, kansilan nan ya ce ta wancan ce, wancan ya ce ta wannan ce.

Tomas ba ya neman mulki. So yake a ce akwai mutum ɗaya a majalisar ƙaramar hukuma da ya san layin nan da zama. Da ya gaji da zirga-zirgar ofis, sai ya tsaya takarar kansila da kansa. Ranar zaɓe yayarsa, Anti Gires, wadda ta goya shi, ta tsaya a ƙofar gidanta, a tsallaken kwalbatin, tana kallon nasa. Ƙuri'arta ba ta tsallaka kwalbati. Ya sha kaye. Da yamma na je, na tarar yana ba kaji dawa.

Bayan rasuwarsa layin ya watse. Rikice-rikicen garin nan sun kori wasu, yara sun bi aiki Legas da Abuja, an sayar da gidaje. Kafin zaɓen da ya wuce aka mayar da masu zaɓe na layin gaba ɗaya rumfa guda, a ɓangaren Tomas. Da yana raye, ban sani ba ko dariya zai yi. Ina jin kajinsa zai koma ya ba dawa.

Me ya rage nasa? Hanyar tana nan yadda ya bar ta. Sai Anti Gires, ita kaɗai ta saura a cikinsu. Ni na riƙe mata hannu muka tsallaka kwalbatin ranar zaɓe. Aka miƙa mata takarda, ta daɗe tana duba hotunan jam'iyyu, har na bayanta suka fara tsaki.

Ta juyo ta ce da ni, "Malam, yanzu sun kawo ni wajen shi. Shi kuma yana ina?"

Ta ninke takardar ba ta dangwala ba, ta jefa a akwati. Muka koma gida.