Dattijon da ke jiran a sa masa rana

A tashar jirgin ƙasa ta birnin Huế, Nhàn mai shayi ta kasa ɗauke ido daga wani dattijo. Farar rigarsa ta sha guga, amma maɓalli ɗaya da baƙin zare aka ɗinke shi. Mai mata a gida ba ya fita haka, in ji zuciyarta. Littafin koyon Turanci ne a cinyarsa, yana bin layi da farce, leɓensa na motsi.

"Kawu, jarrabawa za ka zauna da wannan furfurar?"

"Ke dai bari, 'yar nan. Jikata ce a Ingila, ba ta jin yarenmu. Yau ina koyon yadda ake faɗin abin da mutum zai gama kafin wani lokaci. Littafin ya ce mutanen can ba a tambayarsu ko sun ci abinci, sai dai zancen ruwan sama. Ko gidan ɗanka za ka, sai an sa maka rana."

"To, an sa maka?"

"Aiki ya yi musu yawa."

Ya nuna mata jimlar da ya rubuta da fensir, ya fassara: "Kafin ƙarshen shekarar nan, na riga na ga jikata."

Nhàn ba ta jin Turanci, amma ta san lamba. Wurin da ya rubuta shekarar da lamba ya sha gogewa da sauyawa har takardar ta huje.

Ta tura masa kofin shayi. "Kawu, ka ci abinci?"